Yadda za ku saurari saƙon jam'iyyu a rediyo da tele, ku gane ƙawance in ya fara tsagewa, ku ƙirga kujeru da hannunku

Assalamu alaikum ƴan uwa. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, tun watan Disamban 2020 yake cina a rai. Lokacin kampanye ne, muna fadarmu nan Tawa bayan isha'i, shayi na kan gawayi, an jawo tele waje ana kallon ƴan takara suna wucewa ɗaya bayan ɗaya a Télé Sahel, su 30 ne cif a wannan zaɓen. Sai wani dattijo da ke zama da mu, tsohon mai saida albasa, ya juyo gare ni ya ce "kai ɗana da ka yi lakkol, a 1993 Tandja ne ya zo na ɗaya, to mi ya hana shi hawa?" Na ce Baba ai ƙawance anka yi mishi. Ya ce "to su waɗanga da ke magana yanzu, wa zai bi wa?" Wallahi duk fadar babu wanda ya iya ba shi amsa mai ma'ana, kowa sai yabon nashi gwani, alhali amsar tana nan cikin abin da suke faɗi da abin da suke ƙin faɗi, da kuma lissafin da ake maida ƙuri'a kujera da shi.

Yanzu ba a siyasar jam'iyyu a ƙasar nan tamu Nijar, tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka dakatar da su, a watan Maris na 2025 kuma aka rushe su gaba ɗaya. Ni a ganina wannan shirun shi ne lokacin koyo, don duk ranar da aka koma maganar zaɓe sai an sake rubuta ƙa'idoji, kuma wanda bai san tsohuwar ƙa'ida ba ba zai gane abin da aka canza mishi ba. Ba ku buƙatar komi sai kaye ɗaya, bik, portabul mai ɗaukar murya, da kwanon gyaɗa ko wake, za ku ga amfaninshi can ƙasa.

Matakin farko: gane wa ya biya kuɗin muryar da kake ji

Kafin ka auna maganar ɗan siyasa a rediyo, fara tambayar kanka ta wace ƙofa ta shigo. Ƙofofin uku ne. Akwai lokacin kyauta da hukuma ke raba ma ƴan takara a kafofin gwamnati, Voix du Sahel da Télé Sahel da jaridar Le Sahel, a da CSC, hukumar kula da kafofin watsa labarai, ce ke tsara shi, kowa minti daidai da na kowa, jerin wucewa kuma da ƙuri'a ake fidda shi. Akwai lokacin da jam'iyya ta saya da kuɗinta a rediyo ko tele mai zaman kanta, a nuna maka mitin ɗinta na awa guda, kyamara na bin inda jama'a sunka fi cika tana kauce ma kujerun da ba kowa. Sai na uku, labarai, inda ɗan jarida ne ya zaɓi abin da za ka ji. Mutane da dama suna haɗa na biyu da na uku, su ce ai a tele na gani, filin ya cika maƙil. Eh ka gani, amma mai mitin ɗin ne ya biya aka nuna maka, don haka a saman kowane shafi na kaye rubuta ko kyauta ne, ko saye, ko labari.

Don ku ga ba dole ne abin ya zama haka ba, a Ingila doka ta hana jam'iyya sayen talla a rediyo da tele kwata-kwata. Abin da suke da shi kawai ɗan lokacin kyauta ne wanda bai kai minti 5 ba, sun fara shi a rediyo tun 1924, a tele kuma 1951. A Amurka kuma akasin haka, mai kuɗi shi ke cika iska. Mu tsakiya muke, akwai na kyauta akwai na saye, shi ya sa sai ka buɗe kunne sosai.

To in saƙon ya fara, ɗauke shi a portabul, kar ka yi gardama da kowa sai ka sake saurare da safe kai kaɗai. Abu uku za ka fidda. Alkawarin da ke da wuri da adadi da lokaci, wannan shi kaɗai ake iya kama mutum da shi, in ya ce zan gyara hanyar kaza cikin shekara kaza rubuta, in ya ce zan kawo ci gaba da walwala bar shi ya wuce, ba abin rubutawa ba ne. Sai sunayen da ya kira, wa ya zaga, wa ya yaba. Na ukun kuma shi ya fi muhimmanci, wa ya ƙi taɓawa. Ɗan takarar da ya san ba zai kai zagaye na biyu ba, ba kai kaɗai yake ma magana ba, yana yi ma manyan biyu ne, yana nuna musu hajarshi, kuma wanda ya bari bai zaga ba sau uku a jere, galibi can ne zai kwana.

Wani abu kuma da na lura da shi, in kana jin faransanci ko kana da mai ji kusa, saurari saƙon mutum ɗaya da harsuna biyu. Sau da yawa na faransanci cike yake da tsare-tsare da adadi, na Hausa kuma kirari ne da godiya ga sarakuna da malamai da mata da matasa. Ni wannan yana ɓata min rai ƙwarai, don mu ne masu ƙuri'a mafi yawa, mu ya kamata a yi ma bayani dalla-dalla. In kun ga haka ku rubuta, in wakilinshi ya zo unguwa ku ce mishi abin da ya faɗa ma mutanen Yamai da faransanci a maimaita muna shi da Hausa.

Mataki na biyu: ƙawance, yadda ake ɗaura shi da inda yake kwancewa

A nan sai an ɗan koma baya, don duk abin da zai faru ya taɓa faruwa. Bayan taron ƙasa na 1991, an yi zaɓen ƴan majalisa a Fabrairun 1993, kujeru 83. MNSD Nassara ta samu 29, CDS Rahama 22, PNDS Tarayya 13, ANDP Zaman Lahiya 11. MNSD ce babba amma sauran ukun da wasu ƙananan jam'iyyu sun haɗu cikin ƙawancen AFC sun tara 50. A zaɓen shugaban ƙasa Tandja Mamadou na MNSD ya zo na ɗaya da kashi 34, Mahamane Ousmane na CDS na biye da kusan kashi 27, da aka je zagaye na biyu ƴan AFC sunka zuba ma Ousmane ƙuri'unsu ya ci da kashi 54. Amsar tambayar Baba mai albasa ke nan. Aka ba Mahamadou Issoufou na PNDS firaminista, Moumouni Djermakoye na ANDP shugabancin majalisa, kowa da rabonshi.

Shekara ɗaya da rabi kawai abin ya yi. A Satumban 1994 shugaban ƙasa ya fidda doka da ta rage ikon firaminista, Issoufou ya yi murabus, PNDS ta bar AFC ta koma wajen MNSD, rinjaye ya juya, aka rushe majalisa aka sake zaɓe a Janairun 1995, ƴan adawa sunka ci, Hama Amadou, wanda a lokacin ɗan MNSD ne, ya zama firaminista ƙarƙashin shugaban da ba su ga maciji, har taron ministoci ya zama abin rigima, aikin gwamnati ya tsaya cik, ranar 27 ga Janairun 1996 Ibrahim Baré Maïnassara ya yi juyin mulki. Ku duba inda tsagar ta fara, ba a kan farashin hatsi ko makaranta ba, a kan wa ke da ikon sa hannu ne.

2011 ma darasi ne. Ana saura ƴan kwanaki zagayen farko, MNSD da Lumana da CDS da wasu sunka sanar da ƙawancen ARN, cewa duk wanda ya kai zagaye na biyu cikinsu za a mara mishi. Sakamako na fitowa, Issoufou kashi 36, Seini Oumarou na MNSD 23, Hama, wanda a lokacin ke jagorancin Lumana, kusan 20, sai Hama ya koma bayan Issoufou, wanda ya ci da kashi 58 a watan Maris. Shi ma wannan zaman bai wuce Agustan 2013 ba, da aka kafa gwamnatin haɗin kan ƙasa Lumana ta ce ba a shawarce ta yadda ya kamata ba kuma rabon bai yi mata ba, ta fice, wasu ministocinta kuma sunka ƙi tashi daga kujerunsu.

Daga waɗannan ne na tsamo alamomin da nake bi, ku ma ku riƙa binsu a kaye. Ta farko, yaya aka ɗaura ƙawancen, a kan aiki ko a kan rabon muƙami? In an karanta sanarwar ƙawance a tele ba ka ji aiki ko ɗaya da aka ce za a yi tare ba sai "domin ceto ƙasa", to rabo ne kawai, kuma ranar da aka yi garambawul ranar zai girgiza. Ta biyu, manya ba su fara zagin juna da bakinsu, ƙananan ƴan jam'iyya ake turawa rediyo su ce "ra'ayina ne na ƙashin kaina", in ka ji haka sau biyu uku kuma uwar jam'iyya ba ta tsawata ba, saƙo ne. Ta uku, duba teburin sanarwa, wa ya zo da kanshi, wa ya aiko mataimaki. Ta huɗu, in babbar jam'iyya ta fara zawarcin ƴan adawa alhali tana da rinjaye, tana neman wanda zai maye gurbin abokinta ne. Sai kuma ka ji jam'iyya ɗaya ta yi shugabanni biyu ana ta zuwa kotu. Wannan yana da dalili a doka, tsarin mulkin 2010 ya ce depiten da ya yi murabus daga jam'iyyarshi ya rasa kujera mataimakinshi ya hau, amma wanda aka kora yana nan zaune a matsayin mai zaman kanshi, shi ya sa ba mai fita da ƙafarshi, kowa jira yake a kore shi ko ya ƙwace jam'iyyar.

Kar ku ce halinmu ne mu kaɗai. A Ingila a 2010 babu jam'iyyar da ta samu rinjaye, Conservative ta David Cameron ta yi gwamnatin gambiza da Liberal Democrat ta Nick Clegg. Su ƙananan sun samu kashi 23 na ƙuri'u amma kujeru 57 kawai cikin 650, don haka babban sharaɗinsu shi ne a tambayi jama'a ko a canza tsarin zaɓe. Aka yi ƙuri'ar raba gardama ranar 5 ga Mayun 2011, abokan gwamnati ɗaya suna kampanye gaba da gaba, Cameron na cewa a'a Clegg na cewa eh, kusan kashi 68 sunka ce a'a. Kafin nan kuma jam'iyyar Clegg ta riga ta karya alkawarin da ta yi ma ɗalibai na ƙin ƙarin kuɗin jami'a, har a 2012 ya yi amfani da lokacin jam'iyyarshi na tele ya nemi gafara. A zaɓen 2015 kujerunsu sunka koma 8. Ƙaramin abokin ƙawance shi ke fara shan duka, don masu zaɓenshi suna ganin ya saida su, babban kuma in aiki ya yi kyau shi ake yaba ma.

Mataki na uku: zuba gyaɗar, mu ƙirga

Wannan shi ne zuciyar abin, kar ku tsallake shi ko da lissafi na ba ku tsoro. A tsarin da munka yi zaɓen 2016 da 2020 da shi majalisa kujeru 171 ce, 158 ana raba su a jihohi 8 gwargwadon ƙuri'ar kowace jam'iyya, 8 na mazaɓu na musamman ne irin su Tassara a nan jiharmu da Bermo da Bilma inda wanda ya fi ƙuri'a ke ɗauka kai tsaye, 5 kuma na ƴan ƙasa mazauna waje.

Bari mu ƙirƙiro misali don koyo kawai. Jiha mai kujeru 10, ƙuri'u masu kyau 100,000. Jam'iyyar A 47,000, B 25,500, C 16,500, D 11,000. Aje gyaɗa 10 a tsakiyar tabarma, su ne kujerun. Raba 100,000 gida 10, ya ba ka 10,000, wannan shi ne kuɗin kujera ɗaya. A ta sayi 4, B 2, C 1, D 1. Gyaɗa 8 sun tafi saura 2, kuma a kan waɗannan ragowar ne duk dabarar take.

Ƙa'idar da dokarmu ta bi, ka ɗauka kamar an ƙara ma kowa kujera ɗaya, ka raba ƙuri'unshi da wannan adadin, wanda ya fi yawa ya ɗauka. A, 47,000 gida 5 ya ba 9,400. B gida 3, 8,500. C gida 2, 8,250. D gida 2, 5,500. A ta ɗauki kujera ta tara. A sake, yanzu A gida 6 ta faɗo 7,833, sai B mai 8,500 ta ɗauki ta goma. Ƙarshe A 5, B 3, C 1, D 1.

Yanzu maida gyaɗa biyun tsakiya ka gwada wata ƙa'ida da wasu ƙasashe ke bi, a duba canjin da ya rage ma kowa bayan ya sayi kujerunshi. A saura 7,000, C 6,500, B 5,500, D 1,000. A da C su ke ɗauka, sakamako ya zama A 5, B 2, C 2, D 1. Ba wanda ya canza ƙuri'arshi, layi ɗaya na doka aka canza, kujera ta tashi daga B ta koma C.

Sai gwaji na uku wanda shi ke fassara maka ƙawance. Koma ƙa'idar farko, amma C da D su shiga da lis ɗaya, wato jerin ƴan takara ɗaya, ƙuri'u 27,500. Sun sayi 2 kai tsaye, gida 3 ya ba su 9,167, sun wuce B mai 8,500, don haka bayan A ta ɗauki ta tara su ke ɗaukar ta goma. A rarrabe 2 suke samu, a haɗe 3. Ka ga ba sai suna son juna ba, lissafi ne ke aurar da su, kuma in an zo raba ukun nan gida biyu nan ne rigima ke tashi, wa zai hau saman lis wa zai zauna ƙasa. Haka ma dokar kaso ta mata, wadda a 2019 aka ɗaga ta zuwa kashi 25 na kujerun zaɓe, a wajen tsara lis ɗin nan ne ake cika ta ko a yi mata wayo.

Mataki na huɗu: in an kawo maganar gyaran tsarin zaɓe

Duk wanda ya zo da sabon tsari, ɗauki sakamakon tsohon zaɓe ka zuba cikin sabon ka ga wa ya ƙaru wa ya ragu, kafin ka saurari dalilanshi. Masu cewa a yanka ƙasa ƙananan mazaɓu kowace da depite ɗaya suna da hujja mai ƙarfi, ni kaina na sha jin haushin cewa mutumin Keita ko Bouza ko Bagaroua ya dangwala ma lis amma bai san ƙofar wa zai buga ba in rijiya ta lalace. Amma ku san farashinshi. A misalinmu in A ce ke gaba a ko'ina, da kashi 47 tana iya kwashe gyaɗa 10 duka. Ba tatsuniya ba ce, a Ingila a 2024 Labour ta samu kusan kashi 34 na ƙuri'u ta kwashe kujeru sama da 400 cikin 650, wata jam'iyyar mai kashi 14 ta tashi da 5. A ƙasa irin tamu da kowace jam'iyya ke da jihar da ta fi ƙarfi, wannan tsari na iya sa jiha guda ta zama launi ɗaya, duk wanda bai bi ba ya rasa murya.

Tsarin da Ingila ta ƙi a 2011 kuwa, mai zaɓe ne ke jera ƴan takara 1, 2, 3. Ce mutum 100, A 40, B 35, C 25. Ba mai rabi, sai a fidda C a duba wa mutanenshi sunka sa na biyu, in 18 sun sa B 7 sun sa A, B ya ci da 53. Kamar zagaye na biyu ne amma a rana ɗaya, kuma abin da ke burge ni a ciki, cinikin da shugabanni ke yi a ɗaki tsakanin zagaye biyu ya koma hannun mai ƙuri'a. Matsalarshi a wajenmu a fili take, iyayenmu da yawa hoto suke dubawa su dangwala yatsa, in ka ce su rubuta lamba takardun da za su lalace sai sun yi yawa. Maƙwabtanmu Najeriya kuma wata hanya sunka bi, mai ƙuri'a mafi yawa ya ci in har ya samu kashi 25 a kashi biyu cikin uku na jihohi, shi ya sa a 2023 aka ci da ƙasa da kashi 37 ba tare da an koma zagaye na biyu ba. Ni dai in an tambaye ni, a bar muna zagaye biyu na shugaban ƙasa, amma a tilasta duk yarjejeniyar ƙawance a karanta ta a rediyo da Hausa da Zabarmanci da Tamajak da Fulatanci da sauran harsunan ƙasa kafin ranar zaɓe, mu ji abin da aka yi ciniki da ƙuri'armu a kai.

Na ƙarshe, ku gwada a fadarku da abin da ba zai kawo faɗa ba. Mu da kuɗin tontin ɗinmu munka gwada, ko a sayi sabbin kujeru, ko fanel na sola, ko a ajiye don azumi. Mutum 20 ne, kowa aka ba shi takarda ya jera zaɓinshi. A ƙidayar farko kujeru 8, sola 7, ajiya 5. Da anka fidda ajiya, huɗu cikin biyar ɗin sola sunka sa na biyu, sola ta tashi da 11, kujeru 9. Baba mai albasa, wanda kujeru ya zaɓa saboda gwiwarshi, ya karɓi takardun ya ce a sake ƙirgawa a gabanshi, ƙanena ya shimfiɗa su bisa tabarma ɗaya bayan ɗaya yana karanta mishi, ya bi su da yatsa har ƙarshe, sannan ya ce a kira mai sola gobe da safe.